Ramin da Usta Sabit Ya Bari a Bayan Barga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Shugabar majalisar garinmu, Uwargida Vesna Radman. 'Yan majalisa goma sha ɗaya da za su ɗaga hannu bayan na zauna. Limaminmu, Nedim Efendi. Fada Marko na cocin ƙetaren gada. Injiniya Davor, wanda ya taso takanas daga Sarayevo. 'Yarmu Nermina, mai zanen gine-gine. Zehra-hanuma, 'yar maigidana marigayi Usta Sabit. Dattawan kasuwa, maƙera da masu shaguna. Iyaye mata da kuka bar tukunya a kan wuta. Da ku samarin da kuka hau bene duk da an ce kada a hau: assalamu alaikum, barkanmu da wannan rana.

Ina godiya ga shugaba da ta yarda a yi wannan zama a nan tsakar han, masaukin fataken kakanninmu, ba a zauren majalisa ba, domin duk abin da zan faɗa ina so ku ɗaga ido ku gan shi. Ina kuma godiya da minti goma sha biyar da aka ba ni. Matata Fadila ta ce in aka ba ni goma sha biyar a sa ran talatin. Na yi mata alkawari, ga ta can tana riƙe da agogo.

Sunana Rasim Kalender, magini ne ni, shekarata saba'in da takwas. Yawancinku kun fi sanina da sunan da Branko maƙeri ya laƙaba mini, wato Mai Gonar Yashi. Za mu zo kan wannan.

Abin da ya tara mu kowa ya sani. Bangon arewa na wannan han ya kumbura, ya tsage daga tushe har ƙarƙashin rufi, kuma babu mai rantsuwa zai kai ƙarshen hunturu biyu a tsaye. Shawara biyu ce a gabanku. Injiniya Davor ya ce a ɗaure bangon da rodi, a zuba masa kankare ciki da waje, a gama kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Nermina ta ce a tokare shi da katako, a ɓamɓare simintin da ke jikinsa, a mayar masa da kwaɓin farar ƙasa irin wanda aka gina shi da shi. A zaman da ya wuce an tambaye ta ina za ta samu farar ƙasar, tunda ta kirki sai ta kwana shekara uku a rami, ta buhu kuwa ita da kanta ta ce ba za ta yi ba. Ta yi shiru. Ni ma ina wurin, na yi shiru, kuma shiruna ya fi nata muni. Yau na zo in gyara.

Magana ta farko, tarihin wurin.

Rubutun da ke saman ƙofa ya ce wata mata ce ta gina shi, Zuleiha-hanuma, sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce, zamanin da Daular Usmaniyya ke mulkin Bosniya. Mijinta falken gishiri ne. Dusar ƙanƙara ta rutsa da ayarinsa a kan dutsen can, tafiyar rabin yini daga nan, babu masauki gaba, babu masauki baya, sai da rani ya keto aka gano shi. Matar ba ta gina masa ƙubba ba. Ta sayar da gonakinta ta gina wannan, ta yi wakafinsa, ta kafa sharuɗɗa: duk matafiyin da ya shigo yana da kwana uku kyauta, yana da kwanon miya da gurasa da kyandir, dabbarsa tana da sha'ir. Ba a tambayarsa addininsa, ba a tambayarsa yarensa. Fataken bakin teku sun sauka a nan da gishiri da yadi, mutanen tsauni sun sauka da ulu da fatu da kakin zuma, masu zuwa Santambul sun kwana ɗaki ɗaya da masu dawowa daga can. Kasuwar da muke taƙama da ita a bakin wannan ƙofa ta tsiro. Han ne ya haifi garin, ba garin ne ya haifi han ba.

Akwai al'ada ɗaya da nake so ku riƙe mini ita har ƙarshen jawabina. Da faɗuwar rana ake rufe ƙofa. Da safe kuwa ba a buɗe ta sai mai han ya tsaya a nan tsakiya, kusa da wannan kwarmin ruwa, ya ɗaga murya ya ce: "Jama'a, kowa ya duba kayansa. Akwai wanda ya rasa wani abu? Akwai wanda aka cuta?" In kowa ya ce lafiya, a buɗe. In mutum ɗaya ya ce igiyarsa ta ɓata, to ko madugu ne mai dawaki ɗari, zai tsaya a ciki har igiya ta fito.

Daga baya jirgin ƙasa ya zo, ayari ya ɗauke ƙafa. Han ya zama barikin soja, ya zama makaranta na ɗan lokaci, ya zama rumbun ƙungiyar manoma. Kowa ya zo ya yi amfani da shi ya tafi, shi yana nan.

Magana ta biyu, ginin kansa.

Ku duba ƙofar. Ɗaya ce tak, tsayinta ya isa alfadari ya shiga da kayansa da mahayinsa, a jikinta kuma akwai ƙaramar ƙofa wadda sai mutum ya sunkuya, don wanda ya makara ya shigo shi kaɗai ba tare da an buɗe babbar ba. Ku duba bangon waje: a ƙasa babu taga, sai 'yan tsagu na shan iska, domin gini ne da ya juya wa hanya baya, ya fuskanci cikinsa. Ƙasa na dabbobi ne da kaya, ga zobban ƙarfen ɗaure dawaki har yanzu a jikin ginshiƙai. Sama na mutane ne, ɗaki ashirin da huɗu, kowanne da murhunsa da bututun hayaƙinsa, kowanne yana buɗewa kan barandar da ke zagaye da tsakar gida a kan bakan gizo talatin da biyu. An sa bargar a ƙarƙashin ɗakuna da gangan, don ɗumin dabbobi ya hau ta daɓe. An karkata daɓen tsakar gida kaɗan zuwa kudu, don ruwa ya bi magudana ya faɗa kogi. Babu abu ɗaya a nan da aka yi don ado kawai, amma ku faɗa mini in kun taɓa ganin gini mai kwarjininsa.

Abin da ba ku gani shi ne cikin bangon. Kaurinsa kamu biyu da rabi. Dutsensa mai laushi ne, irin wanda ake sara a bakin kogi, mai shan ruwa. Duk bayan layi biyar na dutse an shimfiɗa gungumen katako a ciki, don in ƙasa ta girgiza bangon ya ɗan motsa ya dawo. Abin da ya haɗa su kuwa farar ƙasa ce da yashin kogi da dakakken jan bulo.

Magana ta uku, ita farar ƙasar.

Ana ƙona farin dutse kwana uku, a zuba shi a rami, a kwarara masa ruwa. Sai ya tafasa da kansa, yana tururi, yana fantsama, in ya taɓa ido shi ke nan. In ya huce a tace, a rufe da yashi, a bar shi. Shekara ɗaya bai isa ba. Shekara uku ya fara zama abin arziki. In dai bai bushe ba, duk shekarar da ya ƙara, kyau yake ƙarawa. Kwaɓin da aka yi da shi ya fi dutsen laushi, wannan kuwa shi ne sirrin. Ruwa yana hawa bango daga ƙasa, dole ne, muna bakin kogi. Idan ya hau, ta cikin kwaɓin yake fita ya bi iska. In wani abu zai lalace, kwaɓin ne zai lalace, dutse ya tsira, bayan shekara hamsin a zo a sake cusa sabo. Haka aka yi ta yi, magini bayan magini, shekara ɗari huɗu.

Magana ta huɗu ita ce mai wuya, domin a kaina take.

Shekara arba'in da bakwai da suka wuce, lokacin sake cusa kwaɓi ya yi. Aka ba maigidana Usta Sabit aikin, ina babban mataimakinsa, ina da shekara talatin da ɗaya, da mata da 'ya'ya biyu, ba za a ce yarinta ba. Usta ya ƙona dutsensa, ya cika raminsa, ya ce a dawo bayan shekara uku. Shugaban ƙungiyar manoma na wancan lokaci ya ce shi kafin bikin kaka yake son ganin bango fes, manyan baƙi za su zo. Ya ce akwai siminti, mota guda. Ya tambaya ko akwai magini a garin nan da ba ya tsoron zamani. Na ce ga ni.

Safiyar da aka sauke buhunan, Usta ya same ni a gindin wancan bango. Ya ce: "Rasim, ɗana, bango yana gumi kamar yadda kake yi. In ka sa masa rigar roba, ina gumin zai bi?"

Na ce: "Haba Usta! Da siminti ake gina gadoji da madatsun ruwa. Wannan tsohuwar bargar ce za ta fi ƙarfinsa?"

Ya ce: "Ba za ta fi ƙarfinsa ba. Abin da nake tsoro ke nan."

Na ce, kuma ma'aikata suna ji: "Ka je ka zauna gadin raminka, tsoho. In ya nuna ka aiko mana mu ɗanɗana."

Aka yi dariya. Usta ya goge cokalin gininsa, ya naɗe shi a tsumma, ya fita ta ƙaramar ƙofa. Ni kuwa na gama aikin cikin wata biyu. Na cusa siminti a kowace gaɓa, bangon arewa kuma, da yake ya fi laima, na yaɓe shi gaba ɗaya, kauri biyu, don in burge. Aka ba ni takardar yabo, aka buga hotona a jarida. Fadila ta rataye shi a ɗaki.

Usta Sabit ya ƙara shekara goma sha uku a duniya. A cikinsu bai ce mini komai ba sai amsa sallama, ita ma don wajibi ce. Mukan haɗu a masallaci, mukan haɗu a gidan gahawa, ya ɗauki kofinsa ya koma wancan tebur.

A shekara ta goma na fara ganin farin gishiri yana fitowa a gefen yaɓen. Na ƙwanƙwasa da guduma, na ji amo kamar na ganga. Ruwan yana hawa kamar kullum, bai sami hanyar fita ba, ya zauna a cikin dutse. Hunturu ya daskarar da shi, dutsen ya riƙa farfashewa a ɓoye, gumaguman katakon da suka tsallake girgizar ƙasa ba adadi suka ruɓe a bayan simintina. Na gane tun a lokacin. Me na yi? Na je na gaya wa majalisa? Ban je ba. Na je na gaya wa Usta ya yi gaskiya? Ban je ba. Na kwaɓa wani simintin na toshe tsagar, na shafa fenti. Na sake yi bayan shekara biyu. An yi ta cewa yaƙin da aka yi a Bosniyar nan ne ya raunana bangon, an yi ta cewa motocin da ke wucewa ne, ina ji ina gyaɗa kai. Harsashi bai taɓa bangon arewa ba. Ni ne.

Injiniya Davor, ba na ƙin ka, kuma lissafinka na ƙarfi daidai ne. Kankarenka zai riƙe bangon shekara talatin, ba musu. Amma abin da kake faɗa yau da takardu, na faɗe shi a wannan wuri da baki, kuma na fi ka ɗaga murya. Bayan shekara talatin ɗin, in aka buɗe, kankare za a tarar a tsaye, a tsakiyarsa kuma garin dutse.

Magana ta biyar, gonar yashi.

Usta ya rasu watanni kaɗan kafin yaƙi. Na je jana'iza na tsaya a sahun baya. Rana ta uku ina zaune a gidan makoki, Zehra-hanuma ta kira ni bakin ƙofa, ta miƙo mini tsumma da bokiti. Na buɗe tsumman, cokalin nan ne. Ta ce: "Baba ya ce a ba ka. Ya ce ramin bayan barga kada ya bushe."

Na ce: "Bai ce komai ba kuma?"

Ta ce: "Ya ce za ka gane, amma ba da wuri ba, don kanka ya fi siminti tauri."

Ga ta nan zaune, in na ƙara ko na rage ta tashi ta ƙaryata ni.

Ashe shekara goma sha ukun nan da ba ya yi mini magana, duk rani yana zagayawa bayan barga da bokiti yana jiƙa yashin. Ya san ranar za ta zo. Ya san ba zai gan ta ba. Kuma duk maginan garin nan, wanda ya ci masa mutunci a gaban ma'aikata shi ya zaɓa ya bar wa.

Tun daga wannan rani nake zuwa. Bokiti goma sha biyu, kowace Asabar, daga farkon zafi har ruwan kaka ya sauka. A shekarun yaƙi, lokacin da ake layin ruwa, daga kogi nake ɗebowa, ina sunkuye a bayan katanga don gudun harsashi. Fadila ta ce: "Mutumin nan, mutane na bin ruwan sha kai kana shayar da yashi? In ka zare ka gaya mini tun yanzu in san abin yi." Branko kuma duk sanda na wuce ta gaban maƙerarsa sai ya leƙo: "Rasim, gonar ta fara fure? In ta yi 'ya'ya a ajiye mini kwando guda!" Nakan ce: "Kai za ka fara ci, Branko." Shekara talatin da huɗu muna wannan. Na gwammace a kira ni mahaukaci da in faɗi abin da ke ƙarƙashin yashin, domin in na faɗi abin da ke ciki, sai an tambaye ni dalilin da ya sa ba a yi aiki da shi ba tun farko.

Jiya da hantsi na kira Nermina, muka kwashe yashin. Na soka cokalin Usta. Ya shige kamar a cikin man shanu, fari sol, babu gudaji ko ɗaya. Nermina ta tsuguna tana kallo, ta ce: "Kawu Rasim, kana da wannan a zaman da ya wuce ka bar ni ina raba ido?" Na ce: "Yi haƙuri, 'yata, na bar wanda ya fi ki, Usta, yana jira shekara goma sha uku." Ta auna ramin. Ta ce zai ishi bangon arewa, har da ɗan ragi. Ga bokiti guda nan a gaban teburin shugaba. Injiniya, ka ɗiba ka kai ɗakin gwajinku, amma kada ka sa hannu tsirara, har yanzu tana cizo.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba shi da yawa. A tokare bangon arewa da katako a cikin wannan wata. A ɓamɓare simintin da hannu, ba da inji ba. A canja gumaguman da suka ruɓe, a cusa farar ƙasar Usta Sabit. A kuma ƙona sabon dutse a cika sababbin ramuka uku kafin hunturu, don in an gama arewa, ta sauran bangayen ta nuna. Aikin zai ci shekara huɗu, watakila biyar. Na san wasunku suna son a buɗe han kafin bikin baɗi. Na san wannan sauri, ni ne ɗansa na fari.

Ba na roƙon a ba ni shugabancin aikin, idona ya rage. Nermina ta isa. Abin da zan iya shi ne in nuna wa magina yadda ake kwaɓin, domin a iya sanina, cikin waɗanda suka ga Usta yana yi, ni kaɗai na rage. Abu ɗaya nake roƙo don kaina: ranar da za a fara, a ba ni guduma da kurfi, in cire ɓallin farko. Na san inda na fara yaɓen, can ƙasa, gefen hagu. Likita ya ce in daina ƙirga shekaru biyar-biyar, to ban sa rai zan ga ƙarshen aikin ba. Usta ma bai gani ba, bai kuma fasa ɗaukar bokiti ba.

Na ce ku riƙe mini al'adar mai han. Ga mu a ciki, ga ƙofa can. Da mai han zai tsaya yau a gindin kwarmin nan ya tambaya ko akwai wanda aka cuta, amsar ita ce akwai. An cuci wannan gini, an cuci Zuleiha-hanuma da ta bar mana shi amana, an cuci wani dattijo da ya faɗi gaskiya aka yi masa dariya. Ba sai an caje kayan kowa ba, wanda ya yi yana gabanku. Ya kawo abin da zai mayar. Ina roƙon majalisa kada ta buɗe ƙofa sai ta bar shi ya mayar.

Fadila tana ɗaga mini agogo, na wuce da minti shida.

Allah Ya yi wa shugabarmu da 'yan majalisa jagora, Ya sa hannun da za su ɗaga ya zama alheri ga garin nan. Allah Ya mayar da baƙinmu gida lafiya. Allah Ya zaunar da mu lafiya da juna, na wannan gefen gada da na wancan. Allah Ya jiƙan Zuleiha-hanuma da mijinta, da duk matafiyin da ya taɓa kwana a ƙarƙashin wannan rufi, da duk maginin da ya taɓa sa hannu a wannan bango. Allah Ya jiƙan maigidana Usta Sabit, Ya yalwata kabarinsa, Ya yafe mini abin da na yi masa, Ya kuma isar masa da saƙona: Usta, ramin bai bushe ba.

Na gode.